Dokin teku a Maradi: wai zai yiwu in kiwata shi cikin akwariyom a gida?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kun wuni lahiya, ya aiki ya iyali. Don Allah tambaya gare ni ga masu sanin harkar kihin ado, ba na ci ba. Ni dai shekara biyu kenan ina da ɗan akwariyom na litir 60 a salon gidanmu nan Bagalam, da jajayen kihin nan guda huɗu da wani aboki ya kawo min daga Kano, kuma alhamdu lillahi ɗaya kawai ya mutu tun da na soma. To kwanan baya na ci karo da wani bidiyo a YouTube na dokin teku, wanda a Faransanci ake ce ma ipokamp, wallahi tun ranar abin bai hita raina ba. Kai irin na doki sak, wutsiya kamar ta hawainiya yana naɗe ta jikin ciyawa, ido kowane na kallon nashi gehen, kuma a tsaye yake iyo ba a kwance ba kamar sauran kihi. Can sai ga namiji yana naƙuda 'ya'ya na ta hitowa daga cikinshi kamar an watsa gero, na ce subhanallah. Ɗiyata mai shekara bakwai yanzu kullum da dare sai ta ce Baba a sake sa mata doki mai ciki.

Akwai wani da muke hulɗar kaya da shi a Legas, ya ce zai iya samo min guda biyu wajen masunta ya sa a mota zuwa Kano, ni kuma in je in karɓo in biyo ta Katsina da Jibiya in shigo ta Ɗan Isa. Kahin in tura mishi kuɗi na ce bari in tambaya nan.

Akwatin nawa na litir 60 ya isa guda biyu in na kwashe jajayen? Gishirin wane iri ake sawa, na Bilma da muke da shi a kasuwa zai yi ko sai na kanti mai leda, kuma nawa ake zubawa? Mi suke ci, abincin gwangwanin nan da nike ba nawa zai yi musu? Don Allah wanda ya sani ya gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba, gara in ji yanzu da in ji bayan kuɗi sun tahi.

Mai Tarwaɗa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni tarwaɗa nika ƙyanƙyasa can hanyar Jiratawa, kihin teku ba hannuna ba ne, amma ruwa dai ruwa ne. Cikin tambayoyinka duka ban ga ka ambaci zahi ba, alhali shi ne babba. Afrilu da Mayu garin nan zahi shina wuce digiri 40 da rana, ruwan pompo kanshi da azahar ba ka wanka da shi sai ka tara ya huce. Ruwa kuwa in ya ɗumama iskar da ke cikinai raguwa takan yi, kihi ya shiga haki. Tarwaɗa fa da ran ƙarhe gare ta, tana hitowa sama ta shaƙi iska, amma bazarar bara sai da na yi asarar 'yan ƙanana basan guda cikin dare ɗaya, kuran ya ɗauke gurup kuma ya ƙi tashi, da asuba na tarar da su hwari hwat saman ruwa. To ina ga ɗan abin da ka ce ko iyo bai iya da ƙarhi?

Batun abinci kuma in artemiya ce, 'yan mitsi-mitsin halittun ruwan gishirin nan da ake ba 'ya'yan kihi, ina da ita gwangwani guda, ƙwai ne kamar garin jar ƙasa, ka zuba cikin gorar ruwan gishiri ka sa mata tiyon iska, kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun ƙyanƙyashe, da su muke tada 'ya'yan tarwaɗa kwanakin farko. Kar dai ka tura kuɗin nan tukuna.

Baban Nana:

Salamu alaikum. Ƙanena tun jiya na ga tambayarka na kasa wucewa, don ni na riƙe su shekara uku lokacin da nike aiki a Monpeliye kudancin Faransa kahin in dawo gida. Irin da ake ce ma Hippocampus erectus ne, mace da namiji, haihuwar gidan kiwo ba kamun teku ba. Bari in soma da yadda na rasa namijin, don amsarka tana cikin labarin.

Masu kiwonsu suna riƙe ruwa tsakanin digiri 20 da 23, in ya yi yawa 24. Ba wai don a teku ba su zama ruwan da ya hi haka ɗumi ba, a'a, teku faɗi gare shi, ƙazanta bajewa take. Cikin akwati kuwa akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira Vibrio, kusan kullum suna nan, amma da ruwa ya ɗumama sai su yi ta ninkuwa, shi kuma dokin ba shi da ɓawo irin na kihi, fata ce shimhiɗe kan zobban ƙashi, ɗan ƙwarzane a wutsiya ko a baki ya ishe su ƙofa. Ƙarshen watan Yuni 2019 anka yi wani zahi a can har anka auna digiri 46 a wani ƙauye kusa da mu, gidan da nike haya ba kilim, ruwana ya hau 29 ya zauna nan kwana huɗu. Na sa fanka, na sa ƙanƙara, na kashe hitila, ba abin da ban yi ba. Rana ta biyar na ga tsinin wutsiyar namijin ya yi hwari, ya daina kama reshe, ya daina cin abinci, sati bai cika ba ya mutu. Su biyun sun saba kullum da sahe sai sun gaisa, su canza launi su kama reshe ɗaya suna zagayawa tare, to bayan nan sai in ga macen ta zo wurin ta tsaya ita kaɗai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ni na ajiye su inda ba su da wurin gudu. Kwana huɗu kenan fa. Mu nan irin wannan zahin wata biyu cur muke shan shi, dare ma bango na huci. Malam Mai Tarwaɗa ya taɓo inda ciwon yake.

Litir 60 bai isa ba, ka cire wannan. Guda biyu na son aƙalla litir 120, ni 150 zan ce, kuma tsayin akwatin daga ƙasa zuwa sama ya kai santimita 50 ko hi, don a tsaye suke, kuma lokacin da mace za ta zuba ƙwai cikin jakar namiji tare suke tashi sama, in ruwan gajere ne ƙwan zubewa yake a ƙasa.

Gishirin Bilma kuwa, beza ne ko kantu, bar shi ga miya da dabbobi. Na kanti ma haka, an sa mishi ayodin da maganin hana dunƙulewa. Ruwan teku ba gishirin ci kaɗai ba ne a ciki, kusan kashi 85 cikin 100 ne gishirin ci, sauran akwai magneziyom da kalsiyom da potasiyom da salfat da abin da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8,1 da 8,4. Gishiri na musamman ake sayarwa a bokiti don akwariyom, ana zuba kusan gram 35 a kowace litir, a auna da refraktometir, abin auna gishirin ruwa, a ga ya tsaya wajen 1023 zuwa 1025. Yi lissahi da kanka, litir 150 cikon farko kilo biyar da ɗoriya, sannan kowane sati za ka canza kashi 10 cikin 100, litir 15 kenan, rabin kilo, a shekara ya haura kilo 25, kuma duk daga waje za a kawo maka. Ruwan da za ka dama shi ma ba na pompo ko na rijiya ba, sai wanda ya bi ta matatar osmoz, ita kuma kan kowace litir ɗaya mai kyau tana zubar da uku ko huɗu. In ruwa ya ƙahe ya ragu, da ruwan daɗi zalla ake cikawa ba da na gishiri ba, don gishirin bai tashi sama ba yana nan ciki, wannan kuskuren sababbi da yawa na yin shi, kuma da iskar hunturunmu kullum sai ka cika.

Bayan ka haɗa komi ba a sa rai ciki nan take. Sati huɗu zuwa shida akwatin zai yi yana aiki ba kowa, kana jefa ɗan abinci yana ruɓewa, har ƙwayoyi masu amfani su zauna cikin duwatsu da filtir, su ne ke juya amoniyak, gubar da ke hitowa daga kashin kihi da ruɓaɓɓen abinci, ta koma nitrit, nitrit ta koma nitrat. Sai gwaji ya nuna amoniyak sihiri nitrit sihiri, nitrat kuma ƙasa da 20, sannan ake maganar kawo dabba. Ka riƙe a ranka waɗannan ƙwayoyin su ma iska suke sha, in pompi ya tsaya awoyi suna mutuwa cikin filtir, in wuta ta dawo ya turo maka ruwa mai guba.

Abinci shi ne dutse na biyu bayan zahi. Dokin teku ba shi da haƙora ba shi da tumbi, abinci wucewa kawai yake ta hanji, shi ya sa sau biyu zuwa uku ake ba shi kullum, ba hutun Juma'a ba na salla, in za ka yi tahiya sai ka bar wanda ya iya. Bakin nan kamar tsinken shan lemo yake, zuƙa yake yi. Abincin gwangwani ko kallon shi ba zai yi ba. Abin da ake ba su wasu 'yan ƙananan jatan lande ne da ake kira misis, daskararru cikin kwanjelatar, kuma in sun narke a hanya anka sake daskarar da su sun zama masu kawo cutar da na gaya maka. Ka tambayi kanka wa zai kawo maka su daga bakin teku, sama da kilomita 800, ba su narke ba, sannan kwanjelatar ɗinka ta riƙe su duk da ɗauke wuta. Artemiyar Malam tana da amfani ƙwarai amma ga jarirai, babban doki ba ta ƙosar da shi, in ita kaɗai yake ci ramewa zai yi a hankali kana kallo.

Sauran ƙananan abubuwa ne: a sa musu abin da za su naɗe wutsiya, ciyawar teku ko igiyar roba, a sa raga bakin pompi kar ya zuƙe su, kar ruwan ya yi ƙarhin da zai riƙa wurgi da su kuma kar ya kwanta, ba a haɗa su da kihi mai saurin ci don kahin doki ya gama duban loma an cinye. Kuma ɗakin da suke ba a fesa maganin sauro ba a turaren wuta, ka san kuwa wannan sai an yi shawara da uwargida.

Ɗan Bagalam:

Kai yaya Baban Nana, jikina ya yi sanyi wallahi, amma na gode, abin da na roƙa kenan. Allah ya saka da alheri kai da Malam. Ban tura kuɗin ba. Ni duk tunanina gishiri ne matsalar, ashe shi ne mai sauƙin.

Amma bari in ƙara biyu. Maƙwabciyarmu na sayar da ƙanƙara, in na riƙa jefa gora biyu uku cikin ruwan da rana lokacin bazara fa, ba zai riƙe ba? Ina da pano biyu da batiri ɗaya da muke kunna hitila da fanka da su. Sannan na gani akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su wuce ɗan yatsa ba, wai ana sa su cikin litir 20 kuma artemiya suke ci, tunda Malam na da ita ko su zan nema?

Mai Pano:

Salam alaikum jama'a. Ɗan uwa ni aikin sola nike yi, bari in amsa maka batun ƙanƙara da lissahi don kar ka wahalar da kanka. Gora ɗaya ta litir ɗaya da rabi, daskararriya tauri, in ta narke duka cikin ruwa litir 150 digiri ɗaya kacal take ragewa. Ɗaya fa. Ɗakin da ke 36 ko 38 kuma yana ta tura zahi ta gilashi ta kowane gehe, kahin awa biyu ya mayar da abin da ka rage. Kenan aikinka ya koma jigilar gora dare da rana, ranar da ka tahi ɗaurin aure ko barci ya kwashe ka ruwan ya haura, kuma hawa da saukar nan kanta wahala ce ga dabba. Ƙanƙara ta gaggawa ce, ba tsari ba ce.

Fanka ta hi ta aiki, ka ɗora ƙarama tana hura saman ruwan, dabarar randa ce dai, duk litir ɗaya da ta ƙahe tana tahiya da zahin da ya kai kusan digiri huɗu na litir 150. Maris da Afrilu da iska ke bushe tana taimako sosai, amma da hadari ya soma haɗuwa iska ta yi laima ƙarhinta ya ragu, alhali zahin bai tahi ba. Kuma ko a ranar da ta hi aiki ba za ta sauko maka da ruwa daga 35 zuwa 23 ba.

Abin da ke yi shi ne injin sanyaya ruwa na akwariyom, kamar ƙaramin firigo ne ruwa ke bi ta cikinshi ya dawo. Ka ɗauka yana cin wat 150 zuwa 200, in ya yi awa 12 yana aiki a rana ya sha wajen kilowat biyu, ga pompi da injin kumfa mai cire datti da na iska da hitila, su ma ka ba su kilowat ɗaya. Batirinka in na volt 12 ne amper 200, kilowat 2,4 ke ciki a takarda, kuma in na dalma ne rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe. Ka ga ko dare ɗaya na bazara ba zai raka ka ba. Wani abin kuma injin nan zahin da ya cire daga ruwa cikin ɗakin yake zubar da shi, in ɗakin rufe yake ya zama tanda shi ma ya gaza, dole ya samu inda zai hura waje ko kuma ɗakin ya zama mai kilim, kilim kuwa wani babi ne na kuɗi.

Abu biyu masu arha da zan ce ka yi ko da jajayen kihinka ne: ka manna farin soson nan na cikin kwalin firigo a baya da gehe biyu da ƙasan akwatin, ka kuma nemi ɗan pompin iska mai batiri wanda ke tashi da kanshi in kuran ya ɗauke. Kuma don Allah ruwan gishiri da wuta ba su wasa, gishiri na hawa waya yana cin ƙarhe, priz ɗinka ya zama sama da akwati ba ƙasa ba, a sa waya ta ƙasa da disjonktar mai yankewa in wuta ta zube, tunda akwai yarinya a gidan.

Malama Mai SVT:

Assalamu alaikum. Ni ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar mutumin Legas da ya ce zai samo wajen masunta. Malam don Allah ko da ka shawo kan zafi da wuta, wannan hanyar ka bar ta. Wanda ake samu a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma, daga Senegal har Angola, shi ne Hippocampus algiricus, kuma yana cikin jerin halittun da ake fargabar raguwarsu. Yawanci ba shi ake nema ba, tarun da ake ja a ƙasan teku ne ke kwaso shi tare da jatan lande, sai a busar a tara a sayar zuwa Asiya inda ake haɗa maganin gargajiya da shi. Wanda ya fito daga irin wannan tarun ya riga ya sha matsa, ga tafiyar kwana biyu a leda cikin mota mai zafi, kuma kamun teku bai san mataccen abinci ba, mai motsi kawai yake bi, sau da yawa yunwa ke kashe shi a gaban mai shi.

Sannan akwai doka. Tun watan Mayun 2004 duk nau'o'in dokin teku, sun haura 40, suna cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar da Najeriya duk suna ciki. Ma'ana ba a tsallaka iyaka da shi rayayye sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito. In 'yan duwan ko ma'aikatan gandun daji suka tare ka da shi ba takarda, gaskiya na hannunsu. Akwai ƙungiyar masana mai suna Project Seahorse da Amanda Vincent da Heather Koldewey suka kafa a 1996, aikinsu ya taimaka wajen kai maganar ga wannan matsayi.

Kuma mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta kulle mage ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ta nema ba, mun san ajiye dabba ba laifi ba ne amma haƙƙinta na wuyan mai ita.

Ita kuma 'yar taka a gaishe min da ita, tambayarta mai kyau ce. Ka gaya mata ƙwan na uwa ne, ita ke zuba shi cikin jakar da ke gaban cikin uban, a nan yake haɗuwa da maniyyinsa, jakar na ba su iska tana kuma daidaita gishirin ruwan da suke ciki a hankali har ya zo daidai da na teku kafin su fito. A irin wanda Baban Nana ya riƙe wajen sati uku ake yi, a haifi ɗaruruwa lokaci guda, kuma daga ranar kowa ta kansa yake. Duk shekara in na kawo wannan a aji har 'yan bayan aji sai sun yi tsit.

Baban Nana:

Malama ta gama magana kan na Legas, ban da abin ƙarawa. 'Yan ƙananan da ka gani Hippocampus zosterae ne, na wajen Florida da tekun Meziko, santimita biyu zuwa uku, su ne aka ce sun hi kowane kihi jinkirin iyo, kamar mita ɗaya da rabi a awa. Gaskiya ne artemiya sabuwar ƙyanƙyasa suke ci, amma kullum sai ka ƙyanƙyashe sabuwa, gora biyu na juyawa ba ranar fashi, kuma litir 20 ya hi litir 150 saurin ɗaukar zahi nesa ba kusa ba, awa ɗaya ba wuta ya canza. Rayuwarsu ma gajera ce, shekara ɗaya zuwa biyu. Ƙanƙantarsu ba sauƙi ba ce.

Ni ba cewa nike ka haƙura har abada ba, don na san yadda abin ke kama zuciya. Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka haɗa akwatin litir 150 yadda za ka haɗa ma doki, da gishirin gaske da ruwan osmoz da komi, ka bar shi ya nuna sati shida. Sannan ka sa moli, baƙaƙen kihin nan masu haihuwar 'ya'ya da ake samu wajen masu kihin ado, su ana iya saba musu da ruwan gishiri in ana ƙara shi kaɗan kaɗan cikin kwanaki, suna jure ɗumi, har haihuwa suke yi a ciki, yarinya ta samu abin kallo. Da su za ka koyi auna gishiri da canza ruwa da gwajin nitrit ba tare da ka kashe abu mai wuyar samu ba. Ka rataya tarmometir, ka samu kaye kana rubuta zahin ruwan sau uku kullum, asuba da la'asar da tsakar dare, daga farkon Maris har ruwan sama ya zauna. In kayen nan ya nuna ba ranar da ka wuce 24, kuma ka ajiye fakitin misis a kwanjelatar duk tsawon lokacin bai taɓa narkewa ba, to ka dawo nan mu yi maganar inda ake samun haihuwar gidan kiwo da takardunsu. In ya nuna 28 ko 30, moli na nan lahiya lau, ba ran da ya salwanta.

Ɗan Bagalam:

To madalla. Na kira na Legas na ce ya bari, ya ɗan ji haushi amma ba komi. Zan bi shawarar yaya, gobe in sha Allah zan je wajen mai yankan gilashi in ji kuɗin na litir 150 mai tsayin santimita 55, Mai Pano kuma zan neme ka ka zo ka duba min batirin da priz ɗin salon. Malama na karanta ma yarinya abin da kika rubuta, ta ce wai to in uban ne ke haihuwa wa ke ba su nono, na ce su ba su shan nono, artemiya suke ci, yanzu kuma ita take son gani.

Mai Tarwaɗa:

Kawo ta ranar Asabar da hantsi, Juma'a da sahe zan zuba ƙwai don ku tarar sun hito. Ku zo da gorar ruwa wankakka da tocila, in an haska gehe guda duk can suke taruwa, ta gani da idonta.